Farantan da Suka Ƙi Narkewa

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata, ana tsuga ruwan hunturu a Iskandariyya, Sufeto Fikri Kandil ya shigo ofis ya tarar da mutum biyu suna jiransa. Ɗaya na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ɗayar na tsaye jikin bango da ankwa a hannu.

Na zaunen Midhat Bey Sabbag ne, mai otal a bakin teku, mutumin da ya saba a miƙe masa duk ofishin da ya shiga. Ta tsayen kuwa dattijuwa ce mai kimanin shekara sittin, gajera, hannayenta duk tabon wuta. Sunanta Dimyana Fanus. A kasuwar tsofaffin kaya ta Attarin kowa Usta Dimyana yake ce mata, wato gwana a sana'a, domin ita ta gaji shagon mahaifinta na gyaran kayan ƙarfe.

"Wa ya sa mata ankwa?" in ji Sufeto.

Saja Awad, mataimakinsa, wanda ke kiransa Basha don girmamawa, ya sosa ƙeya. "Umarni ne daga sama, Basha."

"Cire mata."

"Kada ka taɓa ni," matar ta ce wa Saja. "Wanda ya ce a ɗaure ni ya sauko ya kwance da hannunsa."

Sufeto ya karɓi makullin ya kwance da kansa. "A ɗakin nan ni ne sama, Usta. Zauna."

"Na gode. Tsayuwar ta ishe ni."

Ya juya wurin Bey. "Ina jinka."

Midhat Bey ya yi bayani a tsanake, kamar mai karanto wasiƙa. Kakarsu ta wajen uwa 'yar Malta ce. Da aka kawo ta gidan miji ta zo da faranti goma sha shida na kuza, aikin Turai, waɗanda a yau sun haura shekara ɗari biyu. Gadonsu ne shi da ƙanwarsa Nahid, wadda ta yi shekara ashirin a Kanada. Da ya ji za ta zo, makonni uku da suka wuce, sai ya kai farantan wurin wannan matar ta goge su. Bayan mako guda ta dawo da su. Jiya a kan tebur Nahid ta ɗaga guda ɗaya ta ce ba na kakarsu ba ne. Ya kira masani, masani ya ce alminiyon ne, irin wanda ake tukunya da shi.

Ya ajiye takarda a kan tebur. "Ga sa hannunta. Ta karɓi faranti goma sha shida na kuza."

Sufeto ya karanta, ya ɗago. "Hannunki ne?"

"Nawa ne."

"An rubuta kuza."

"Shi ya rubuta. Ni na sa hannu akwatin na ɗaure, yana ta cewa sauri yake yi."

"Da kika buɗe me kika gani?"

Ta dubi taga. "Faranti."

"Na me?"

"Abin da aka kawo mini shi na mayar. Ka rubuta haka, in ka ga dama ka rubuta sau goma."

Bey ya yi 'yar dariya. "Ka gani ko, Sufeto? Ko ƙaryar ma ba ta iya shiryawa ba."

"Ai ba sana'ata ba ce," in ji Dimyana. "Da na zo wurinka koyo."

Bey ya miƙe fuska a murtuke, ya ce yana fatan kafin la'asar an tura ta gaban mai gabatar da ƙara. Sufeto ya ce zai duba. Bai raka shi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka isa shagon, da akwatin farantan da mai shagon. Maƙwabta suka yi cirko-cirko a ƙarƙashin rumfuna suna kallo. Kurata biyu suka birkice ko'ina, har tsohuwar rijiyar da ke bayan shago suka leƙa. Ba su sami komai ba.

Sufeto ya ciro faranti ɗaya daga akwatin ya juya shi. Launin toka ne mai ɗan duhu, ga tambarin fure da kambi a bayansa. A idonsa tsoho ne sosai.

"Usta, ni ban san kuza ba. Koya mini."

"Ka kama ni, kuma in koyar da kai kyauta?"

"Ko ki koya mini, ko in yi aiki da abin da Bey ya koya mini."

Ta harare shi. Sannan ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da wani faranti mai girma ɗaya da na hannunsa, ta dangwara masa a ɗaya tafin. Hannun ya yi ƙasa bai shirya ba.

"Ka ji? Wannan kuza ce. Ta ninka wancan nauyi har da ƙari, ga shi kuma wancan ya fi kauri. Buga su."

Ya ƙwanƙwasa na Bey da zobensa, ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar keke. Ya ƙwanƙwasa nata, sautin ya mutu nan take.

"Sa farce a gefen nawa. Danna, ba zai yi kuka ba."

Ya danna. Farcen ya bar ɗan layi. A na Bey kuwa ko alama.

"Kuza taushi gare ta. Dubi cikin nawa, ka ga zane-zanen nan barkatai? Wuƙaƙen mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanka ne. Dubi naka. Shekara ɗari biyu ana cin nama a kai, ba sawun wuƙa ko ɗaya? Sai dai in da addu'a suke yankawa."

Saja Awad ya yi dariya, ya maza ya haɗiye.

Sufeto ya juya bayan na Bey ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Bayan ba sumul yake ba, ƙananan ramuka ne birjik kamar fatar lemo. Ta ce sawun yashin zubi ne, domin a cikin yashi ake zuba narkakken alminiyon. Amma shi wani abu ya gani: cikin ramukan akwai baƙin abu mai ɗan ja.

"Wannan fa? Ba ki wanke ba?"

"Kwana uku ina dirza. Maiƙo ne da ya ƙone ya sake ƙonewa har ya zama ƙarfe. Ba aikin mako ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba."

"Wato an sha sa su a wuta."

Ta kunna ƙaramin murhun gas ɗinta, ta ɗauko guntun cokalin kuza daga kwandon tarkace ta riƙe da awartaki a kan harshen wutar. Kafin Saja ya gama kunna sigarinsa, cokalin ya lanƙwashe ya ɗiga kan tire kamar kitse.

"Ga abin da wuta ke yi wa kuza," ta ce.

"Me ya hana ki faɗi wannan a ofis?"

"Wa ya tambaye ni? Ankwa aka fara gaishe ni da ita."

Sufeto ya ci gaba da juya farantin. A gefe guda akwai wurin da aka goge da magagari, layi uku a karkace. Ya nuna mata. Ta karɓe farantin da sauri ta mayar cikin akwati ta rufe.

"Gogewa ce kawai," ta ce. Wannan karon ba ta dube shi ba.

Gidan Sabbag tsohon bene ne mai hawa uku. Bey ya tafi otal. Wata mata siririya mai furfura a gaban goshi ta buɗe musu, ta ce ita ce Nahid. Ta tabbatar da abin da yayanta ya faɗa. Tana yarinya ita ke jera farantan ranar salla, da hannu biyu take ɗaukar kowanne. Jiya da yatsa biyu ta ɗaga.

Sufeto ya nemi a nuna masa kicin.

Mai dafa abincin, Ummu Rida, tana tsaye tana ɓare tafarnuwa. Shekararta talatin da ɗaya a gidan.

"Inna, farantan nan ana cin abinci a cikinsu?"

"Kowace Juma'a, yallaɓai. Bey ba ya cin kifinsa sai a ciki."

"Kina sa su a tanderu?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Tun ranar da na zo gidan nan marigayiya uwar gida ta ja kunnena. Ko kusa da murhu ba na kai su."

Sufeto ya buɗe tanderun ya leƙa. Ya jawo ragar ƙarfen da ke ciki, ya ɗora farantin da ya zo da shi a kai, ya ɗaga ya nuna mata bayansa. Layukan baƙin maiƙon sun yi daidai da sandunan ragar.

"Inna, akwai mace sa'arki a sel yanzu haka. In kin ce ba ki taɓa ba, zan rubuta ba ki taɓa ba, ita kuma ta tafi kurkuku."

Tafarnuwar ta faɗi daga hannunta. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Kuskure ne, wallahi. Bayan azumi ne, ba wanda ya wuce ba, na gabansa. Bey ya makara, kifi ya huce, ni kuma kaina ya ɗau zafi, na tura shi ciki har da farantin. Sai da na yi sallar la'asar na tuna. Na taho a guje ina salati, na ce yau na bar gidan nan. Na buɗe, ga faranti lafiya lau."

"Sai kika yi me?"

"Na ce albarkar Kaka ce. Daga nan kowace Juma'a haka nake yi, har yabo nake sha wai kifina ba ya hucewa." Ta share ido da gefen mayafi. "Korata za a yi ko?"

"Ba ki lura sun rage nauyi ba?"

"Na lura. Na faɗa wa Bey sau ɗaya, ya ce in ji da tukwanena."

Saja Awad ya rubuta, ta dangwala yatsa.

Suna cikin mota wayar Sufeto ta yi ƙara. Shugaban ofis ne.

"Fikri, me kake yi a kicin ɗin mutane? Akwai takarda, akwai sa hannu. Ka tura fayil."

"Yallaɓai, an musanya farantan fiye da shekara ɗaya da rabi kafin su je hannun matar."

"In ji wa? Mai dafa abinci?"

"In ji farantan."

"Ka san wa ya kira ni a kan maganar nan?"

"Ban sani ba, kuma ba na so in sani. Doka ta ba ni zuwa gobe da azahar. In kana so a tura yau, ka karɓi fayil ɗin ka sa hannunka."

Aka kashe wayar. Saja Awad ya ci gaba da tuƙi, ido a kan titi.

"Basha, an ce can kudu kusa da iyaka akwai zafi."

"In aka tura ni, da kai zan tafi."

Da la'asar ya sa aka fito da Dimyana daga sel. An kai mata burodi da wake, ba ta taɓa ba.

"Na san ba ke kika musanya ba," ya ce.

"To buɗe mini ƙofa."

"Ba zan iya ba tukuna. Takardar nan na nan, kuma ke ma kin yi mini ƙarya. Kina buɗe akwatin kika san ba kuza ba ce. Macen da ta zagi Bey a gabana ba za ta ji tsoron ɗaga waya ta ce masa ya kawo mata tukunya ba. Amma kika wanke, kika mayar, kika yi shiru. Wa kike karewa?"

"Ba kowa."

"Layi ukun nan na magagari, hannun wa ne?"

"Masu magagari a garin nan sun fi dubu."

"Shekara uku za a iya ba ki, Usta."

"Na yi arba'in a shago mai taga ɗaya. Uku ba za su kashe ni ba." Ta miƙe. "Ka gama? Mai da ni."

Da aka fita da ita Saja Awad ya rufe ƙofa ya matso.

"Basha, ni a bayan Attarin aka haife ni. Tana da ƙane, Milad. Ya so uban ya bar kuza su koma zubin alminiyon, uban ya ƙi, ya bar wa 'yar shagon. Milad ya fita da fushi. Shekara goma sha biyu ko a coci ba sa gaisawa."

Sufeto ya ɗauki farantin ya sake duban layukan. Ya kama biro kamar magagari ya gwada da dama, bai yi daidai ba. Ya gwada da hagu.

"Bahago ne?"

"Tun muna yara da haka muke tsokanarsa."

Washegari da sassafe suka sami maƙerar Milad a wani lungu bayan tashar jiragen ruwa. Rumfar kwano ce cike da hayaƙi, da tulin yashi baƙi, da tukwane sababbi jere a ƙasa. Wani mutum mai gemu fari-fari yana goge bakin tukunya. Magagarin na hannunsa na hagu.

"Milad Fanus?"

"In tukunya kake so, shi ne. In haraji ne, ya fita."

Sufeto ya nuna katinsa, ya ajiye farantin a kan maƙera. "Aikinka ne?"

Milad ya dube shi sau ɗaya. "Ni tukwane nake yi."

"Ba ka taɓa zuba faranti ba?"

"Ban taɓa ba."

Sufeto ya ɗauki tukunyar da mutumin ke gogewa ya kara ta da farantin. Layi uku a nan, layi uku a can.

"To, na taɓa. Laifi ne? Mutum ya kawo abu ya ce a yi masa irinsa, na yi."

"Wane mutum?"

"Na manta."

"Shi ke nan." Sufeto ya mayar da farantin cikin jaka. "Yayarka ma ta manta. Jiya a sel ta kwana, yau da azahar za a kai ta gaban mai gabatar da ƙara. An ce ta sace na ainihin ta ba da waɗannan. Ta ga hannunka a jikinsu tun ranar farko, ta ɗauka kai ka cuci mai kayan. Na ce mata shekara uku ce, ta ce uku ba za su kashe ta ba."

Magagarin ya tsaya.

"Dimyana? Ita da ta ce ko gawata ba za ta raka ba?"

"Ita."

Milad ya zauna kan buhun gawayi. Daga baya ya tashi ya shiga ƙuryar rumfar, ya janye wasu tsofaffin akwatunan zubi, ya fito da abu a naɗe cikin tsumma. Sufeto na karɓa ya ji nauyin. Faranti ne na kuza, da fure da kambi a baya, da sawun wuƙaƙe a ciki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gefensa ya narke ya dunƙule.

"Shekara biyu ke nan," in ji Milad. "Midhat Bey da kansa ya zo, ba direba. Ya kawo wannan in yi samfuri da shi. Ya ce na ado yake so don otal, goma sha shida, a baƙanta su su yi kama da tsoho. Ranar da ya zo karɓa, yana ta ɗaga nasa yana gwadawa da nawa, sai ya ajiye shi a kan murfin murhu. Na yi ihu. Ya kai hannu ya fizgo, narkakkiyar ta zubo masa a nan." Ya nuna cikin damtsensa na dama, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. "Ni na ɗaure masa. Ya zage ni tas, ya jefar da farantin ya ce ya zama shara. Ni ɗan mai kuza ne, ban iya jefar da shi ba."

"Ka faɗa masa kana da 'yar'uwa a Attarin?"

Milad ya sunkuyar da kai. "Ya tambayi inda na san kuza. Bakina ya yi tsawo."

"Kwatanta mini ƙunar. Girmanta, siffarta. Saja, rubuta komai, da lokaci."

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi kowa ya hallara a ofishin Sufeto. Midhat Bey ya zo da Nahid, yana duba agogo. Aka shigo da Dimyana. Da ta ga ƙanenta zaune a kan benci sai ta tsaya cak.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ƙafata, Yaya."

"Wawa. Wa ya ce ka zo?"

"Ke wa ya ce ki yi shiru?"

Ta je ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Sufeto ya nuna Milad. "Bey, ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ka tabbata?"

"Ina zan san shi? Ka dube shi mana."

Sufeto ya warware tsumman ya ajiye narkakken farantin a kan tebur. Nahid ta miƙe ba ta sani ba. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta juya, ta shafa tambarin.

"Wannan namu ne," ta ce a hankali. "Yaya, wannan namu ne."

"To ga shi nan!" in ji Bey. "A wurinsu aka samu. Ashe su biyu ne ɓarayin."

"Ba ka taɓa ganinsa ba, amma ka san su biyu abu ɗaya ne?" in ji Sufeto. Ya ɗauki takarda ya miƙa wa Nahid. "Madam, karanta mana sakin layi na ƙarshe. An rubuta shi ƙarfe bakwai da kwata na safiyar yau."

Ta karanta: ƙuna a cikin damtsen dama, ƙasa da gwiwar hannu, tsawon yatsa, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, da ɗigo biyu a ƙarƙashinta.

"Bey, naɗe hannun rigarka."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Naɗe."

"Zan sa a tura ka inda ko ruwan sha sai ka yi mafarkinsa."

"Mai yiwuwa. Amma sai gobe. Yau naɗe hannun rigarka, ko Saja ya taya ka."

Bey ya dubi ƙofa. Ba wanda ya shigo. Ya dubi ƙanwarsa. Ita ce ta ajiye farantin, ta kama hannunsa ta ɓalle maɓallin, ta tura rigar sama. Bai hana ta ba.

Jinjirin wata, da ɗigo biyu.

"Injin mota ne ya ƙone ni," ya ce, amma muryar ta ragu.

"To faɗa mini yadda maƙerin da bai taɓa ganinka ba ya san abin da ke ƙarƙashin rigarka."

Bey ya fizge hannunsa ya gyara zama. Da ya sake magana ba Sufeto yake kallo ba, ƙanwarsa yake kallo.

"E, na sayar. Goma sha biyar, ga wani Bature, kuma da akwai wasu da na ƙara masa. Na gyara otal da kuɗin, otal ɗin da sunan ubanmu ke jikinsa. Ke kina ina? Shekara ashirin ni na riƙe gida, ni na yi jinyar Mama, ni na binne ta, ke kika aiko da furanni. Sai yanzu ki sauko daga jirgi ki ce a raba? Abin da na tsare nawa ne."

"Matar nan fa?" in ji Sufeto. "Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Na san za ta gane aikin ƙanenta, na san ba za ta yi magana ba. Ko ta yi, wa zai saurare ta a kaina?"

"Ka karanta ni daidai," in ji Dimyana daga kan benci. "Sai dai ba ka karanta mai dafa maka kifi ba."

Nahid ta zauna. Idonta a bushe yake.

"Yaya, ban zo raba komai ba. Guda ɗaya na zo roƙonka, wanda Mama ke cin abinci a ciki. Da ka ce mini ka sayar, da na yi kuka na koma."



Sufeto ya karanto wa Bey tuhuma: ƙarar ƙarya, ƙulla wa marar laifi sharri, da sayar da gadon da ba nasa shi kaɗai ba. Saja Awad ya matso. Bey ya miƙe ya mayar da maɓallin hannun rigarsa, ya gyara kwat, ya ce zai tafi a motarsa. Saja ya ce ta gwamnati na bakin ƙofa, kuma ba ta jira.

Nahid ta sake ɗaukar narkakken farantin. "Zan iya tafiya da shi?"

"Sai kotu ta gama da shi, Madam."

Dimyana ta taso ta karɓe shi daga hannunta. Ta kai shi kusa da ido, ta bi gefen da ya narke da babban yatsa, ta auna shi a tafinta.

"Ƙarfen duk yana nan, bai tafi ko'ina ba. In an sake shi ki kawo mini, zan ta da gefen." Ta juya ta miƙa wa ƙanenta. "Kai za ka yi mini samfurin. Kuma in ka sa masa magagarin nan naka, sai na karya maka hannun."

"To, Yaya," in ji Milad.

A waje aka ji an rufe ƙofar mota, ta tashi da Midhat Bey a baya tsakanin kurata biyu.